Bindigar Falon Darakta

Masu bibiyata a wannan shafi, sannunku da haƙuri. Wanda yau ya fara leƙowa, ga ni a taƙaice. Mai gyaran makulli ne ni, shekarata hamsin da tara, shagona yana ƙarƙashin wani bene a layin masu walda, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Matata ta rasu shekara huɗu ke nan. Kafin in zauna wuri ɗaya na yi yawon mota, na yi gareji, na kuma yi shekara shida a hannun wani tsohon maƙeri mai gyara wa mafarauta bindigogi, a wata ƙasa da ba tawa ba. Boko kuwa aji huɗu na yi, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku.

Matar da ta hana ni sakat malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata, ni ma haka. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu sun yi aure. Kwaɗon kabad ɗin ajinta ta fara kawo mini, makulli ya karye a ciki. Bayan mako biyu ta kawo na akwati. Sannan na ƙofar kicin. A na biyar ɗin na juya kwaɗon a hannuna, na sa makulli ya buɗe sumul, babu abin da ya same shi. Na ɗaga kai na dube ta, ita kuma ta gyara tabaraunta mai igiya ta ce wataƙila iskar shagon ce ta warkar da shi. Tun daga ranar nake ajiye mata kujerar roba mai tsabta a bayan ƙofa, ba na bari ko mai faci ya zauna a kai.

Mace ce da ba ta ɗaga murya. In tana magana sai ka ga masu walda sun rage hayaniya ba tare da an ce su rage ba. Saƙonta a waya ma haka yake, da waƙafi da aya, kamar takardar jarrabawa. Ni murya nake aika mata, in yi sau uku ina gogewa kafin in sami wadda babu ƙarar guduma a bayanta.

To, Malama tana da wa. Shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu, kuma ta faɗa mini tun farko cewa ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, ba kuma za ta fara da furfura a kanta ba. Ya yi darakta a wata ma'aikata har ya ajiye aiki, amma sunan bai ajiye ba. Sau biyu na je gaishe shi. Na farko aka ce yana barci. Na biyu ya fito, ya miƙo mini yatsu uku, idonsa a kan farcena, ya tambaye ni ko sana'ar tana ciyar da mutum. Na ce ta ciyar da biyar, ta aurar da uku. Ya ce madalla, irin madallar da ake ce wa mai bara.

Ranar wata Laraba ina cikin yanka makulli sai waya ta yi ƙara. Malama ce.

"Yaya ya ji labarin ka san tsofaffin bindigogi. Akwai ta gado a falonsa. Yana rubuta tarihin gidanmu, hotonta zai sa a bangon littafin. Yana so ka zo Asabar da la'asar ka faɗi asalinta a gaban abokansa."

Ban gama karantawa ba wani ya shigo.

"Ya ce daga bakin teku kakan kakanmu ya karɓo ta, hannun wani mai jirgin ruwa, shekara ɗari biyu. Ya riga ya rubuta haka. Ina faɗa maka ne kawai."

Wannan "kawai" ɗin na daɗe ina kallonsa. Na san mata, na kuma san manya. Ba gwani Darakta yake nema ba, mai cewa amin yake nema, ya kuma zaɓi mutumin da ya san ba shi da bakin musu.

Babbar 'yata, wadda nake kira Uwata, ta biyo da yamma ta tarar da ni na tasa waya gaba. Ita ce ta fi kowa matsa mini in yi aure, don ta gaji da aiko mini abinci a kula kullum tana tarar da ta jiya ban wanke ba. Da na karanta mata saƙon ko zama ba ta yi ba.

"Baba, in ya ce ɗari biyu ka ce ɗari biyu da hamsin. Bindiga ce za ta kai ka ƙara?"

Na ce ban taɓa yi wa ƙarfe ƙarya ba.

Ta ce ai shi ya sa ƙarfe ne kaɗai yake zaune da ni a gidan. Ta buɗe akwatina ta ciro farar shaddar da na sa ranar aurenta, ta goge ta da hannunta, ta ajiye mini hula ruwan toka da agogon da mijinta ya saya mini ban taɓa ɗaurawa ba. Ta kuma ce in na kuskura na ɗauki jakar kayan aiki to ita babu ruwanta. Ranar Asabar na yi rabin awa ina dirzar hannu da omo da yashi. Baƙin ya ragu, bai fita ba. Jakar kuwa na naɗe ta a cikin leda, na ɗaure a bayan babur.

Gidan Darakta irin gidan nan ne da tun daga ƙofa kake jin ya kamata ka rage tsawo. Falon yana da kujeru masu kan zaki, labule mai nauyi ruwan zuma, kabad ɗin gilashi cike da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Abokansa huɗu suna zaune, duk tsofaffin ma'aikata, kowa da sandarsa da ƙamshin turarensa. Jikoki suna ta guje-guje tsakanin kujeru. Malama ta shigo da tiren shayi, atamfa ruwan ganye, mayafi fari ƙal, ta gaishe da kowa har ni, da murya ɗaya, ba ta ƙara mini ko ɗigo ba. Amma kofina kaɗai ta juya wa hannu ya fuskance ni.

Bindigar tana rataye a bango bisa ƙusa biyu, saman talabijin. Doguwa ce, ta kusa kai kafaɗata, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tun daga nesa gabana ya faɗi, don sheƙi take yi kamar sabon gado. Darakta ya sauko da ita yana murmushi, ya ce makon jiya ya kai wa kafinta ya goge ta da samfefa ya shafa mata banish, ya kuma kankare tsatsar ƙarfen, don ta fito da kyau a hoto. Jama'a, da ya ce mini ya wanke takardar gida da sabulu da sai na fi samun sauƙi. Duk wani tambari da ke saman bututun, duk wata shaidar hannu, kafinta ya cinye ta da yamma ɗaya.

Ya ba da labarin mai jirgin ruwa, ya ƙara da yaƙi biyu. Sannan ya ɗora ta a kafaɗa, ya saita wani abokinsa mai ƙaton ciki, ya ja kunama ta yi ƙas. Kowa ya yi dariya. Abokin ya ce shekara talatin ke nan ana harbinsa da ita bai mutu ba.

Ni ban yi dariya ba. Tsohon da ya koya mini aiki yana da doka ɗaya, wadda ya fara dasa mini kafin ya bar ni in taɓa ko ƙusa: bindigar ɗuri ba a tambayar ta daga ina take sai an tambaye ta me ta ci. Ba ta da wurin buɗewa a leƙa. Sandar ɗurinta ake zarowa a zura ta baki har ta tsaya, a riƙe wurin da yatsa, a fito da ita a gwada ta waje. In babu komai a ciki, sandar za ta kai har gindin bututu, ka kuma ji ta buga ƙarfe, ƙarar ta fito tas.

Na karɓi bindigar da hannu biyu, na mai da bakinta sama, na zura sandar. Ba ta yi ƙara ba. Wani irin dum ta yi, kamar an jefa dutse a buhu. Na gwada ta waje. Saura yatsa huɗu ta kai gindi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a fitar da yaran nan."

Ya ce me ya faru. Na ce a ɗure take.  Mai ƙaton ciki ya ajiye kofinsa a hankali. Darakta ya ce ba zai yiwu ba, shekara arba'in tana bango. Na ce albarushi ba ya tsufa in bai sha ruwa ba, kuma abin da ya raba abokinsa da lahira shi ne dutsen ƙyastun da ya faɗi daga muƙamuƙinta tun tuni. Ƙarfe kan ƙarfe ma wata rana yana ba da wuta.

Malama ta ajiye tiren. Ta tattara jikokin kamar yadda take tattara 'yan aji, ta yi waje da su. Abokan ma ba su jira an roƙe su ba, suka ce za su sha iska a ƙarƙashin bishiya.

Ga inda zan faɗa muku gaskiyata. Da zan iya tsayawa nan. Na ceci gida, na yi suna, sai in ce ɗari biyu ce, a tafa mini. Na yi wannan lissafin tun ina tsaye. Amma hannuna ya riga ya taɓa ta, kuma abin da ya ji bai yi kama da labarin mai jirgin ruwa ba.

Na ɗauko jakata, muka koma barandar baya ni da shi kaɗai. Na shimfiɗa jarida, na naɗe hannun shaddar Uwata. Na tsiyaya ruwa a bututun na bar shi ya jiƙa, sannan na ɗaura ƙugiya mai murɗi a kan sanda na fara jawowa. Tsumma ya fara fitowa, shuɗi, irin yadin kayan aikin gareji. Sai gutsattsarin dalma. Sai wani tsumman. Sai baƙin albarushi ya biyo ruwa ya malale a kan jaridar. Darakta yana tsaye da hannu a baya yana kallo.

Na ce in yana so in faɗi asalinta sai na raba ƙarfen da itacen, don kafinta bai kai ƙasan bututu ba. Ya ɗaga kai alamar to.

Na fara da ƙarfen gefe, wanda ke ɗauke da kunama da muƙamuƙin dutse. Wannan kam tsoho ne na gaske. A cikinsa akwai ɗan tambari da ya kusa shafewa da wasu haruffa biyu, aikin ƙetare, an yi shi tun ba a san inji ba. Na ce masa wannan zai kai shekarun da ya faɗa, ko ya fi, amma ƙasar da aka ƙera shi ba zan yi masa rantsuwa ba. Fuskarsa ta saki, har ya jawo kujera ya zauna.

Sai na zare ƙusoshin, na ɗaga bututun, na juya shi.

Wanda ya kwana ƙarƙashin babbar mota ba ya manta kayan cikinta. A ƙasan bututun akwai lamba shida da injin kamfani ya buga, da gurbin wani maƙali da aka yanke aka goge. Bututun sitiyari ne. Gindin kuma da ƙusar taya aka toshe shi, an yi mata zaren murɗawa irin na noti, an zuba tagulla ta zagaye ta, layin ya tafi siriri kamar an ja da alƙalami. Na duba sifirin, ƙarfen nan mai lanƙwasa ya dawo, da ke cikin ƙarfen gefen, na ga ba nasa na asali ba ne, daga sifirin mota aka yanko shi aka sake masa wuta.

Na daɗe ina shafa wannan tagullar. Na ga aikin maƙera a ƙasa huɗu, ban taɓa ganin toshi mai tsabtar wannan ba. Mutumin ba shi da injin zare, da hannu ya yi, kuma bai yi gaggawa ba ko a wurin da ya san babu mai gani.

Darakta ya ce, "Yaya dai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai jirgin ruwa bai ga wannan bututun ba. Sitiyarin mota ne. Ba ta wuce shekara sittin ko saba'in ba."

Ya dube ni yadda ake duban direban da ya yi wa mai gida gyara a gaban baƙi. Ya yi magana a hankali. Ya ce littafi yana wurin masu ɗab'i. Ya ce abokansa suna waje suna jira. Ya ce shi mutum ne mai tuna alheri, kuma ya san abin da ke kawo ni gidan nan ba bindiga ba ce. In na fita na faɗi abin da ya dace, to ƙofarsa a buɗe take. Bai faɗi ɗaya rabin ba, bai kuma buƙaci ya faɗa ba.

Ta tagar kicin ina hango gefen farin mayafi. Na san tana ji.

Na ce masa ba zan fita in kunyata shi ba, in ya ga dama in ce ban gama bincike ba. Amma ɗari biyu ba za ta fito daga bakina ba. Kuma kafin ya kore ni ina so ya ga wani abu, don ban taɓa ganin irinsa ba.

Na ɗauki itacen na nuna masa inda aka rarake wurin kwantar da kunci. Kowace bindiga a hagu ake yi mata shi, wannan a dama yake. Na nuna masa wani ɗan allon tagulla kamar farce, a tsaye kusa da wurin da wuta ke tashi, wanda shi ya ɗauka ado ne. Na ce wannan kariyar ido ce. Wanda ya yi ta bahago ne, a kafaɗar hagu yake ɗora ta, wutar tana tashi daidai fuskarsa, shi ya sa ya yi wa idonsa katanga. Kuma ba don sayarwa ya yi ta ba, don babu maƙerin da zai ɓata wata guda yana auna kuncin wani.

Na ce, "Abin da mutumin nan ya gada bai fi tafin hannu ba, wannan ƙarfen gefen ne kawai. Sauran duk shi ya gina masa, da abin da ya tsinta a gareji. Da yana raye da na roƙe shi in riƙa ɗaukar masa jaka."

Darakta bai motsa ba. Ya sa hannu ya ɗauki shuɗin tsumman da na jawo, jiƙaƙƙe, ya buɗe shi a kan gwiwarsa, ruwan albarushi yana ɓata masa farar riga. Can ya ce, ba ni yake wa magana ba, "Baba da hagu yake sa hannu a takarda."



Ya ce su sun buɗi ido sun ga mahaifinsu da motoci tara da babbar riga. Shekarun da ya yi kafin nan a ƙarƙashin motocin mutane ba a zancensu a gidan, shi ma a littafin layi ɗaya ya ba su. Ya ce tsohon ya sha faɗa musu bindigar ta gado ce, bai taɓa ƙarawa ba, su suka ƙara sauran.

Sannan ya miƙe, ya koma Daraktansa. Ya ce in tattara kayana. Ya ce in bar ta a warwatse haka, kada in mayar. Na fita ta ƙofar baya, ban ga Malama ba, ban yi wa abokansa sallama ba. Shaddar Uwata ta yi baƙi har gwiwar hannu.

Abin da Uwata ta faɗa mini ba zan rubuta shi duka ba, akwai yara a shafin nan. Ta ce an ba ni mace a faranti na tsaya ina yi wa sitiyari kirari. Ta jiƙa shaddar a bokiti tana dirza tana cewa daga yau in nemi mai wanke mini kula a layin masu walda.

Na aika wa Malama murya ranar Lahadi, gaisuwa kawai. Ta saurara, na ga alamar ta canza launi, ba ta amsa ba. Litinin haka. Talata na yanka wa wani mutum makulli uku duk ba su buɗe ba, abin da rabona da shi tun ina koyo. Mai faci ya leƙo ya ga kujerar roba a bayan ƙofa, ya tambaya ko yanzu an sake ta ga jama'a. Na ce ya gwada ya gani.

Ba zan ce muku ban yi nadama ba. Na yi, sau da yawa a rana. Sai dai duk lokacin da na tuna layin tagullar nan sai in ji ko yau aka sake kira na abin da zan faɗa ke nan.

Ranar Laraba da hantsi wata mota ruwan azurfa ta tsaya a bakin layi, inda ba a tsayawa, masu babur suna ta yi mata hon. Darakta ya fito da dogon abu naɗe a zanin gado, ya tsallake kwatar mai fenti yana tattare riga, ya shigo shagona ba tare da ya jira an ce bismilla ba. Na jawo kujerar roba. Ya ƙi, ya zauna a bencin aiki, kan baƙin mai.

Ya warware zanin a kan teburi. Ya ce in mayar masa da ita yadda take, kada in goge komai. Amma kafin in rufe ƙasan bututun yana so mai hoto ya zo ya ɗauki wurin lambar da toshin, don ya karɓo littafin daga wurin masu ɗab'i, akwai babi ɗaya da zai sake. Ya kuma ce in nuna masa yadda ake yin zare da hannu, don ya kwana uku yana kallon ƙusar bai gane ta inda aka fara ba.

Na ɗauko guntun ƙarfe na ɗaure a maƙama, na ba shi abin yankan zare. Ya riƙe shi kamar cokali. Na gyara masa yatsu, na ce rabin juyi gaba, kwata baya, a ɗiga mai. Ya yi uku ya karkace. Ya sake. Gumi ya keto masa, hular ta koma ƙeya. Masu walda suka taru a ƙofa suna kallon babban mutum yana fama, na kore su da ido.

Da ya gaji ya ajiye, ya dubi tafin hannunsa da ya yi baƙi, ya ce, "Wata guda ka ce?"

Na ce ko fiye.

Ya karɓi tsumma yana gogewa, bai dube ni ba. Ya ce shi ta wajensa babu sauran magana, in turo wanda zai zauna da shi duk ranar da na shirya. Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga hannu.

"Kada ka gode mini tukuna. Na kira ta jiya na ce na amince. Ka san me ta ce? Ta ce na amince da me? Wata takwas kana gyara mata kwaɗo, kana aiko mata gaisuwa da labarin zafin rana, ka je ka nemi yardar wanta, ka yi wa bindiga gaskiya. Ita dai har yau ba ta ji ka tambaye ta komai ba."

 Na bi saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya a kaina, tun daga kwaɗon kabad, ina neman inda na faɗa. Babu. Mutumin da ya yi yawon ƙasa huɗu, ya aurar da 'ya'ya uku.

Na ce to zan aika mata murya yanzu.

Ya ce, "Wace murya? Tana cikin mota."

Na leƙa. A kujerar baya, bayan gilashi, ga farin mayafi, ga tabarau mai igiya, tana duban gabanta kamar mai jiran a buga ƙararrawa. Rigar aikina ce a jikina, mai huda a aljihu. Babu omo, babu yashi, babu Uwata. Daga ƙofar shagona zuwa motar nan taku ashirin ne, kuma duk layin masu walda sun kashe injinansu.

Na taka. Ina isa gilashin ya fara sauka a hankali, ya tsaya daidai rabi. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau.

"Ina jinka," in ji ta.